Haɗa Gudu da Ɗaga Ƙarfe Cikin Atisaye Guda: Nazari a kan Matasan Gusau da Tsafe da Bunguɗu

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya yi sammako ya bi ta Filin Wasa na Tunawa da Sardauna da ke Gusau, ko kuwa filayen makarantun Tsafe da Bunguɗu, zai tarar da samari suna zagaya fili da gudu tun gari bai gama wayewa ba. In ya ɗan dakata zai ga waɗansunsu, da sun gama gudun, ba su ko jira numfashinsu ya daidaita, sai su nufi gefe inda aka ajiye gwangwanaye biyu cike da siminti da aka soke da bututun ƙarfe, ko tsofaffin ƙarafan mota da mai walda ya haɗa, su shiga ɗagawa. Daga cikin waɗannan samari akwai masu shirin zuwa tantancewar shiga soja ko ɗan sanda, akwai masu fatan wata rana su sa rigar Zamfara United, akwai 'yan dambe da 'yan kokawa, sa'an nan akwai ɗalibanmu na fannin ilimin motsa jiki da kiwon lafiya, waɗanda gobe su ne za su tsaya gaban yara a makarantun firamare da na sakandare.

Tambayar da ɗaliban nan suka fi yi mana ita ce, wai shin gaskiya ne gudu yana cinye tsoka? In kuwa gaskiya ne, yaya mutum zai yi alhali sa'a ɗaya tak gare shi da safe kafin ya tafi aji ko kasuwa? Manufar wannan takarda ita ce mu duba abin da masu bincike suka gano game da haɗa waɗannan atisaye biyu a zama ɗaya, sa'an nan mu auna shi da halin da muke ciki a wannan yanki. Ba ƙaramar magana ba ce, domin saurayin da ya shekara yana shiri ya faɗi a gudun tantancewa, ko ya ji ciwo a baya ana saura mako biyu, ya yi asarar shekara guda ke nan, wani lokaci ma shekarunsa su wuce ƙa'idar ɗauka.

2.0 Kalmomin da Za Mu Yi Amfani da Su

Kafin mu yi nisa ya kamata mu rarrabe abubuwa uku da akan haɗa su a kira su ƙarfi. Na farko shi ne juriya, watau iya daɗewa ana aiki ba tare da numfashi ya ƙare ba, kuma wannan ya dogara ne ga zuciya da huhu da yawan iskar oksijin da tsoka ke iya sarrafawa. Na biyu shi ne ƙarfi tsantsa, watau mafi girman nauyin da mutum zai iya ɗagawa sau ɗaya. Na uku kuwa shi ne muka kira ƙarfin zabura, watau fitar da ƙarfi cikin ƙiftawar ido, kamar a tsalle ko kai naushi ko tashin gudun mita 100. Ɗan dako da ke ɗaukar buhun masara daga mota zuwa rumfa a kasuwar Tsafe yana da na farko da na biyu. Shago, wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa, da na uku ya yi suna. Za mu ga cewa gudun dogon zango bai shafi waɗannan abubuwa uku daidai wa daida ba.

3.0 Gwajin Hickson da Abin da Ya Biyo Baya

Asalin wannan muhawara a fagen ilimi yana komawa ne ga wani Ba'amurke mai suna Robert Hickson. Shi mai ɗaga ƙarfe ne, amma lokacin da yake aiki a ƙarƙashin Farfesa John Holloszy sai ya riƙa raka maigidan nasa gudu, ya kuwa lura ƙarfinsa yana raguwa duk da bai daina ɗagawa ba. Da ya koma Jami'ar Illinois da ke Chicago sai ya shirya gwaji, ya buga sakamakonsa a shekarar 1980.

Hickson ya kasa mutanensa kashi uku, ya horar da su har mako 10. Kashi na farko suna ɗaga nauyi da ƙafafu kwana 5 a mako. Kashi na biyu suna gudu da tuƙa keken ɗaki kwana 6 a mako, kimanin minti 40 kowace rana, kuma da matuƙar tsanani. Kashi na uku kuwa aka ɗora musu duka biyun. Wajen juriya, waɗanda suka haɗa biyun sun samu ƙaruwa daidai da masu gudu da keke zalla, watau ɗaga ƙarfe bai rage musu kome ba. Wajen ƙarfi ne labari ya sha bamban. Har zuwa mako na 7 suna tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa da masu ɗagawa zalla, daga nan sai suka tsaya cik, a mako na 9 da na 10 ma sai ƙarfinsu ya fara komawa baya. A ƙarshe masu ɗagawa zalla sun ƙaru da kashi 44 cikin ɗari, masu haɗawa kuwa da kashi 25 kawai. Daga nan ne aka samo ra'ayin da za mu kira katsalandan, watau horon juriya yana tsoma baki cikin ginuwar ƙarfi.

A nan lalle ne mu tsaya mu yi lissafi, domin an daɗe ana kafa hujja da wannan gwaji ba tare da an duba shi da kyau ba. Mutanen kashi na uku atisaye 11 suke yi a mako, kowanne mai tsanani, har mako 10 a jere. Babu wani ɗalibi ko mai neman shiga soja da muka sani da ke yin rabin wannan. Kuma duk da wannan azaba ƙarfin nasu ƙaruwa ya yi da rubu'i. Saboda haka abin da Hickson ya nuna shi ne jiki yana da iyakar abin da zai iya murmurewa daga gare shi. Bai nuna cewa wanda ya yi sassarfar minti 20 bayan ya ɗaga ƙarfe ya ɓata aikinsa ba.

Bayan shekaru sai aka fara tattara gwaje-gwaje masu yawa ana auna su gaba ɗaya. A 2012 Wilson da abokan aikinsa suka tattara bincike 21, suka ga katsalandan ɗin yana ƙaruwa gwargwadon yawan kwanakin horon juriya a mako da kuma tsawonsa a kowace rana. Suka kuma ga gudu ya fi keke yin illa, kuma ƙarfin zabura shi ne ya fi cutuwa. A 2022 Schumann da abokansa suka tattara bincike 43, abin da suka samu kuwa ya fi sanyaya rai: girman tsoka da ƙarfi tsantsa ba su ragu ba don an haɗa horon biyu, ƙarfin zabura ne kaɗai ya ragu, musamman ma idan an yi su a zama ɗaya. Wannan sakamako na ƙarshe shi ne ya fi shafar maudu'inmu kai tsaye.

Har ila yau akwai ɗaya gefen maganar, wanda samarinmu masu gudu ba su cika sani ba. Da yawansu suna gudun ƙarfe don tsoron kada jiki ya yi musu nauyi. A ƙasar Finlan, a 1999, Paavolainen da abokansa sun ɗebe kusan sulusin lokacin horon waɗansu gwanayen gudu suka mayar da shi na tsalle-tsalle da ɗaga nauyi da sauri har mako 9. Lokacin da suke ɗauka a gudun kilomita 5 ya ragu, alhali yawan oksijin da jikinsu ke iya sha bai canja ba. A Norwe kuma, a 2008, Storen da abokansa sun sa masu gudu tsuguno da nauyi mai yawa, zubi 4 na ɗagawa huɗu huɗu, sau 3 a mako har mako 8, aka ga iskar da suke ƙonawa a gudu iri ɗaya ta ragu da kashi 5 cikin ɗari. Ma'ana, ƙafa mai ƙarfi ta fi tattalin numfashi, kamar yadda mota mai lafiyayyen inji ta fi tattalin mai.

4.0 Me ke Faruwa Cikin Tsoka?

An kawo dalilai iri biyu. Na farko ya shafi ƙwayoyin halittar tsoka. Idan mutum ya ɗaga nauyi, wani sinadari da ake kira mTOR yakan farka ya ba da umurnin gina sabon furotin, tsoka ta yi kauri. Idan kuwa ya yi dogon gudu har makamashin tsoka ya yi ƙasa, wani sinadarin mai suna AMPK ne ke farkawa, aikinsa kuwa tsimi ne: yakan dakatar da ayyuka masu cin makamashi, ciki har da gina furotin, ya ƙarfafa ƙananan injinan da ke sarrafa oksijin. Atherton da abokansa sun nuna wannan saɓani a 2005, amma fa a kan tsokar ɓera. Da aka zo kan mutane sai abin ya ƙi fitowa sarai. Alal misali a Suwidin, a 2013, Lundberg da abokansa sun sa samari tuƙa keke da ƙafa ɗaya sa'o'i 6 kafin su ɗaga nauyi da ƙafafu biyun. Bayan mako 5 cinyar da ta yi aiki biyu ta ƙaru da kimanin kashi 14 cikin ɗari, wadda ta ɗaga nauyi kawai kuwa da kimanin kashi 8. Ashe ke nan ba kullum tsimin yake hana gini ba.

Dalili na biyu shi ne gajiya, kuma a ganinmu shi ne ya fi ƙarfi, ya kuma fi amfani ga malami a fili. Tsokar babban mutum tana ajiye sukarin da ake kira gilaikojin kimanin giram 400, hanta kuma kimanin giram 100. Dogon gudu mai tsanani yana cin kaso mai yawa na wannan ajiya, mayar da ita kuwa yakan ɗauki kusan kwana guda, shi ma in an ci abinci isasshe. Bugu da ƙari, a kowane taku na gudu ƙafa tana dira ne da nauyin da ya ninka na jiki sau 2 zuwa 3, tsokar cinya tana miƙewa alhali tana ƙoƙarin taka birki. Irin wannan aiki shi ke kawo ƙananan yagewa cikin tsoka da tsamin jiki na kwana biyu, kuma babu shi a tuƙin keke, abin da ake jin shi ya sa Wilson ya ga bambanci tsakaninsu. Masu hawan duwatsun Tsafe ko Dutsen Kwatarkwashi sun san wannan ko ba a gaya musu ba, domin gangarowa ce ke hana su tsuguno washegari, hawan kuwa numfashi kawai yake ci. To, wanda ya zo wurin ƙarfe da irin wannan ƙafa ba zai iya ɗaga abin da ya saba ba, tsokar da ba a ɗora mata isasshen nauyi ba kuwa ba ta da dalilin ƙaruwa.

5.0 Wanne Za a Fara da Shi?

Mafi kyau dai a raba su. A Faransa, a 2016, Robineau da abokansa sun horar da 'yan wasan zari-ruga har mako 7, waɗansu suna shiga gudu nan take bayan ɗaga ƙarfe, waɗansu bayan sa'o'i 6, waɗansu sai washegari. Waɗanda ba su huta ba su ne suka fi ƙarancin ƙaruwar ƙarfi, masu hutun sa'o'i 24 kuma suka fi kowa ƙaruwar juriya. Saboda haka ɗan damben da ke shirin fita bayan kaka, da mai tsalle, da mai gajeren gudu, bai kamata su haɗa dogon gudu da ƙarfe a zama ɗaya ba. Su yi ɗaya bayan asuba ɗaya bayan la'asar, ko su ba kowanne ranarsa.

Amma yawancin mutanenmu ba su da wannan sarari. Idan dole ne a haɗa, Eddens da abokansa sun tattara gwaje-gwajen da suka auna jeri a 2018, suka ga fara ɗaga ƙarfe kafin gudu ya fi ƙara ƙarfin ƙafafu da kimanin kashi 7 cikin ɗari, alhali juriya da girman tsoka ba su damu da wanda aka fara ba. Tun da gudun bai yi asarar kome ba don an jinkirta shi, ƙarfen kuwa ya ci riba don an gabatar da shi, to hukunci ya fito. Wannan kuwa kishiyar abin da muke gani ne a filayenmu, inda gudu ke zuwa farko don kawai haka aka tarar ana yi.

Akwai kuma dalilin kare lafiya. Mun taɓa samun ɗalibi, ƙaƙƙarfan yaro ɗan ƙauye wanda ya saba da huɗa, da ya gama zagaye goma sha biyu ya je ya sunkuya zai ɗaga ƙarfe daga ƙasa. Ƙafafun sun riga sun mutu, sai baya ya karɓi aikin, ya kuwa yi wata guda ba ya iya ruku'u sosai. Nauyin da ya kayar da shi bai kai wanda yake ɗagawa kullum ba. Gajiyayyen mai gudu tafiyarsa ce kawai za ta ragu, amma gajiyayyen mai ɗagawa yana ƙarƙashin ƙarfe ne.

Togaciya ɗaya ce za mu yi. Mai shirin tantancewar soja, wanda burinsa ya kai ga barikin horar da kurata na Zariya da aka kafa tun 1924, gudu ne zai fara raba shi da abokan takararsa. Irin wannan saurayi ya keɓe kwana biyu a mako na gudu mai tsanani, ya zo musu da sabuwar ƙafa, in zai ƙara wani abu a ranar to ya zama na hannuwa da ciki bayan ya gama. Sauran kwana biyun ne zai bi tsarin da muke ba ɗalibanmu: minti 10 na ɗumama jiki da sassarfa, minti 30 na tsuguno da nauyi da ɗagawa daga ƙasa da turawa da jawowa, zubi 3 kowanne, sa'an nan minti 20 na gudu mai sauƙi wanda mutum zai iya magana a cikinsa. Kwana ɗaya aƙalla ya zama na hutu ɗungum. Wanda kuwa lafiya kawai yake nema, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta ishe shi, watau minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako da kwana 2 na ƙarfafa tsoka, kuma maganar katsalandan ba ta shafe shi ba ko kaɗan. Wannan ya haɗa da mata, waɗanda ɗaukar nauyi ke ƙarfafa musu ƙashi. Muna ganin ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Gusau, da yake ta mata ce, su ne suka fi dacewa su kai wannan saƙo makarantun 'yan mata.

6.0 Halin Ƙasarmu

Yawancin gwaje-gwajen da muka ambata an yi su ne a Turai da Amurka, a ƙasashe masu sanyi, kan mutane masu ƙoshi. Mu a nan abubuwa uku ne suka fi katsalandan ɗin Hickson barazana.

Na farko zafi. A watan Afrilu zafin rana a Gusau yakan kai kusan digiri 40. Mai aiki tuƙuru a irin wannan yanayi yana iya zubar da gumi lita 1 zuwa 2 a sa'a guda, kuma da zarar ruwan da ya fita ya kai kashi 2 cikin ɗari na nauyin jikinsa, juriyarsa ta fara faɗuwa. Ga mai kilo 60, lita ɗaya da 'yan kai ke nan. Haɗa atisaye biyu yana tsawaita zaman, wanda ya fara ƙarfe bakwai sai ya kai lokacin da rana ta ɗaga. Don haka a bazara a fara da an sallame asuba, a rage tsawon gudun, a ajiye ruwa a gefen fili. Sabon shiga kuma a ba shi mako ɗaya zuwa biyu jikinsa ya saba da zafi kafin a ƙara masa. A watan azumi shawararmu ita ce a raba su: ƙarfe bayan buɗa-baki, gudu mai sauƙi kuwa a gajarta shi.

Na biyu abinci. Morton da abokansa sun tattara bincike 49 a 2018, suka ga amfanin furotin wajen gina tsoka yana ƙaruwa har zuwa kimanin giram 1.6 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. Ga mai kilo 60, giram 96 ke nan, ƙwai ɗaya kuwa kimanin giram 6 ne a cikinsa. Saurayin da ya karya da koko zalla ya yi gudu ya ɗaga ƙarfe, sa'an nan ya ga yana ramewa, sai ya ɗora wa gudu laifi. Ba sai an sayi garin gwangwani mai tsada ba. Busasshen wake yana da fiye da giram 20 a cikin kowane giram 100, gyaɗa kimanin 25, waken suya kimanin 36. Ƙosai da alale da awara da ƙuli-ƙuli da nono duk suna kasuwannin Bunguɗu da Tsafe, tuwo da fura kuma su ne za su mayar da sukarin da gudu ya cinye.

Muna iya ƙarawa da cewa rashin tsaron da ya addabi wannan jiha ya sa gudu a hanyoyin bayan gari da gonaki ya zama kasada, kowa ya dawo cikin fili ɗaya a lokaci ɗaya. Wannan ma yana cikin abin da ya sa ake cusa kome a zama guda.

Na uku shi ne wanda ba a cika magana a kansa ba, kuma shi ya fi tayar mana da hankali. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da rabin gadon amosanin jini, watau AS, kuma da yawa ba su taɓa yin gwaji ba. Irin waɗannan mutane lafiyarsu ƙalau, suna wasa suna shiga soja. Sai dai akwai wata larura da tsoka ke narkewa saboda aikin da ya wuce kima, abin da ke cikinta ya kwarara cikin jini ya toshe ƙoda. Nelson da abokansa sun bi bayanan baƙaƙen sojojin Amurka kusan 48,000 suka buga a 2016, suka ga masu AS sun fi sauran fuskantar wannan larura da kimanin rabi, ko da yake ba su fi su mutuwa ba. Larurar tana iya kama kowa, kuma abubuwan da ke jawo ta su ne zafi da ƙishirwa da sabon aiki mai tsanani da aka ɗora wa jiki farat ɗaya, watau daidai abin da ke faruwa idan malami ya tara sababbin ɗalibai a makon farko ya ce zagaye goma, sa'an nan tsallen kwaɗo ɗari. Alamominta ciwon tsoka mai tsanani da kumburi da rashin ƙarfi, da fitsari mai launin baƙin shayi. Malamin da ya ga haka ga ɗalibi kada ya ce ragwanci ne, kada kuma ya ba shi maganin ciwon jiki ya ce ya kwanta, domin waɗansu daga cikin magungunan nan suna ƙara wa ƙoda wahala. A ba shi ruwa, a kai shi asibiti a ranar, a kuma gaya wa likita irin atisayen da ya yi da tsawon lokacin da ya ɗauka yana yi.